Wutar da Ke Tashi Bayan Baƙo Ya Tafi: Labarin Ciwon MIS-C a Jikin Yara

A tsakiyar watan Afrilun 2020 birnin Landan ya yi tsit. Dokar kulle ta zaunar da kowa a gida, asibitoci kuwa sun cika da dattawa da masu ciwon suga da hawan jini waɗanda korona ta toshe wa numfashi. Cikin wannan tashin hankali akwai magana guda da iyaye a ko'ina suka riƙe suna sanyaya zuciyarsu da ita, wato cutar ba ta cika wahalar da yara ba. Maganar gaskiya ce, kuma har gobe tana nan. Yawancin yaran da korona ta kama 'yar mura suka yi, wasu ma ko atishawa ba su yi ba.

Asibitin yara na Evelina yana kusa da kogin Thames, daura da ginin majalisar dokokin Birtaniya. Yana da ayarin likitoci da ma'aikatan jinya waɗanda aikinsu shi ne su shiga motar asibiti su je wasu asibitocin kudu maso gabashin Ingila su ɗauko yaran da jikinsu ya yi tsanani. Cikin kwana goma kacal wannan ayari ya kwaso yara takwas masu ciwo iri ɗaya. Ƙaraminsu shekararsa 4, babbansu 14. Biyar maza ne, shida kuma 'ya'yan baƙar fata ne masu asali da Afirka da tsibiran Karibiyan.

Kowannensu ya zo da zazzaɓin da ya ƙi sauka, tsakanin digiri 38 da 40. Idanu sun yi ja, ƙuraje sun feso, hannu da ƙafa sun kumbura, ga amai da gudawa da murɗawar ciki. Abin da ya fi tayar wa likitocin hankali shi ne yadda jininsu ya yi ƙasa ƙwarai. Aka yi ta ƙarin ruwa bai ɗaga ba, sai da aka sa musu magungunan da ke tallafa wa zuciya ta jijiya. Huhu kuwa, inda kowa ya san nan korona ke yin ɓarnarta, kusan lafiya lau. Aka yi gwajin korona, na farko bai nuna ƙwayar cutar a jikin ko ɗayansu ba, sai dai huɗu daga ciki an san akwai wanda ya yi ta a gidansu. Bakwai sun tashi. Ɗan shekara 14 ɗin ya rasu, duk da an jona shi da na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu.

Likitocin ba su tsaya jiran sai sun gano bakin zaren ba. Kafin watan ya ƙare hukumar lafiya ta Ingila ta aika wa likitoci sanarwar gaggawa. Ranar 1 ga Mayu kwalejin likitocin yara ta Birtaniya ta fitar da jerin alamomin da za a riƙa lura da su, bayan 'yan kwanaki kuma Dakta Shelley Riphagen da abokan aikinta suka buga labarin yaran takwas a mujallar likitanci ta Lancet. Saboda wannan hanzari, likitocin ƙasashen da ciwon bai riga ya isa ba sun tarye shi da saninsa.

Daga Bergamo zuwa New York

Lardin Bergamo na arewacin Italiya yana cikin wuraren da korona ta fara yi wa kaca-kaca a Turai. Likitocin yara a asibitin Papa Giovanni na 23 suka buɗe kundinsu suka ƙirga. Daga farkon 2015 zuwa tsakiyar Fabrairun 2020, shekara biyar ke nan, yara 19 suka gani da wani ciwo da ake kira Kawasaki. Daga 18 ga Fabrairu zuwa 20 ga Afrilun 2020, wata biyu kacal, sun ga yara 10 masu irin alamominsa. A lissafin likitocin, a watan ƙarshe yawan masu ciwon ya ninka sau talatin. Takwas daga cikin goman an sami shaida a jininsu cewa korona ta taɓa ratsa jikinsu.

A Amurka ma haka aka wayi gari. A farkon Mayu gwamnan New York na lokacin, Andrew Cuomo, ya sanar da cewa ciwon ya ci rayuka uku a jiharsa. Ranar 14 ga watan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta raɗa masa suna MIS-C, washegari Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata bayanin. Ingilawa suna ce masa PIMS-TS. Duk sunayen biyu abu ɗaya suke nufi: kumburin da ke kama sassan jikin yaro da yawa a lokaci guda, bayan korona ta wuce.

Binciken farko mai faɗi a Amurka ya duba yara 186 a jihohi 26. Tsaka-tsakin shekarunsu takwas ne, kuma mafi yawansu lafiyayyu ne kafin wannan. Kashi 80 cikin ɗari sai da aka kai su sashen kulawa ta musamman, huɗu suka rasu. Wani lissafi da aka yi daga baya ya nuna cewa a shekarar farko ta annobar, cikin yara da matasa miliyan ɗaya da korona ta kama, kimanin 316 ne suka sami wannan ciwo, wato kusan ɗaya cikin 3,000. Zuwa 2023 Amurka ta rubuta sama da yara 9,000, waɗanda suka rasu sun kusa 80. Fiye da rabin waɗannan yara baƙar fata ne ko 'yan asalin Latin Amurka. Wani ɓangare na dalilin a fili yake, domin iyayensu ne direbobi da masu goge-goge da ma'aikatan kantuna da asibitoci da ba su sami zaman kulle ba, kuma gidajensu sun fi cunkoso. Masana suna kuma duba ko akwai hannun gado a ciki.

Yadda yake shigowa gida

Mu ɗauki misalin yarinya 'yar shekara takwas. Wata guda da ya wuce mahaifinta ya yi mura da ciwon jiki, ya daina jin ƙamshin abinci na 'yan kwanaki, ya warware. Ita ko tari ba ta yi ba. Kowa ya manta.

Ran Litinin ta dawo daga makaranta jikinta rau da zafi. Uwa ta ba ta farasitamol, zazzaɓin ya ɗan lafa, kafin magariba ya dawo. Talata ta ƙi abinci, tana riƙe da ciki tana kuka, ta yi amai sau biyu. Laraba idanunta suka kaɗa suka yi ja, amma babu kwantsa kamar na ciwon ido da aka sani. Leɓɓanta suka bushe suka tsattsage, harshe ya yi jawur, wasu jajayen ƙuraje suka bayyana a ƙirji da cinyoyi. Ran Alhamis sai ta yi laushi. Ana yi mata magana da ƙyar take buɗe ido, tafin hannunta ya yi sanyi alhali jikin wuta, numfashi sama-sama, kuma tun safe ba ta yi fitsari ba. Wannan rana ta huɗu ko ta biyar ita ce ranar haɗari, domin a lokacin ne zuciya kan fara gazawa.

A nan ya kamata a fayyace kalmar kumburi, don abin da likita ke nufi da ita ya wuce wanda ido ke gani. Idan ƙaya ta soki ƙafa, wurin yakan yi ja, ya yi zafi, ya tasa. Garkuwar jiki ce ta tura mayaƙanta wurin, ta buɗe hanyoyin jini don su isa da sauri. Aiki ne mai amfani muddin ya tsaya a wurin ƙayar kuma ya ƙare in an gama. A ciwon MIS-C irin wannan yaƙi ne ke ɓarkewa a ko'ina lokaci guda: a hanji, a fata, a jijiyoyin jini, a tsokar zuciya, wani lokaci har ƙoda da ƙwaƙwalwa. Jijiyoyi su saki su riƙa yoyon ruwa cikin nama, zuciya ta rasa ƙarfin harba jini, sai jinin ya faɗi. Yakan zo ne mako biyu zuwa shida bayan kamuwa da korona, shi ya sa gwajin hanci kan fito babu komai. Kuma shi kansa ciwon ba a ɗaukarsa daga wani zuwa wani.

Ciwon cikin yakan yi tsanani har ya ruɗi likita. A Landan da wasu wurare an sami yaran da aka yi zaton afendis ne, wasu har an shiga da su tiyata kafin a gane. Babu wani gwaji guda da zai ce ga shi. Likita yakan haɗa abubuwa ne: gwajin jini da ke nuna kumburi ya yi sama sosai, alamar tsokar zuciya ta jigata, jini yana neman daskarewa, sannan hoton zuciya ya nuna ba ta matsawa yadda ya kamata ko jijiyoyin da ke ciyar da ita sun buɗe. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce a yi zargin ciwon ga duk mai shekara 19 zuwa ƙasa da ya yi zazzaɓin kwana uku ko fiye, tare da aƙalla biyu daga cikin waɗannan: ƙuraje ko jan ido da baki, faɗuwar jini, matsalar zuciya, matsalar daskarewar jini, ko amai da gudawa da ciwon ciki. Sai kuma a tabbatar babu wata ƙwayar cuta da ta jawo haka, kuma akwai shaidar yaron ya haɗu da korona.

Kama da wane ba ta wane

Dalilin da ya sa likitocin Bergamo suka fara tunanin Kawasaki shi ne jan ido da tsagewar leɓe da ƙuraje da kaluluwar wuya duk alamominsa ne. Wani likitan yara ne a asibitin Red Cross na Tokyo, Tomisaku Kawasaki, ya fara ganin yaro mai irin wannan ciwo a 1961. Ya yi ta tara bayanai har ya kai yara 50, ya wallafa a 1967. Daga baya aka gane cewa babban haɗarin ciwon yana ga jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, domin in ba a yi magani ba kusan yaro ɗaya cikin huɗu jijiyoyinsa kan buɗe su yi ƙullutu. Dattijon ya rasu ranar 5 ga Yunin 2020 yana da shekara 95, daidai lokacin da sunansa ya cika jaridun duniya.

Da aka ƙara nazari sai bambanci ya fito. Kawasaki ya fi kama 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma ya fi yawa a Japan da maƙwabtanta. MIS-C ya fi kama 'yan makarantar firamare har zuwa matasa. Amai da gudawa da faɗuwar jini sun fi yawa a MIS-C, kuma ya fi raunana tsokar zuciya kanta. Duk da haka kamannin ya yi rana. Shekaru da dama na jinyar Kawasaki sun riga sun koya wa likitoci yadda ake kwantar da garkuwar jikin yaro, don haka ba daga tushe suka fara ba.

Me ke sa mai gadi ya juya wa gida?

Wannan ita ce tambayar da ta hana masana barci, kuma amsoshin da aka samu ba sa karo da juna, kowace tana haska wani lungu ne.

A Boston, Dakta Lael Yonker da Farfesa Alessio Fasano sun nuna a 2021 cewa ƙwayar korona tana iya zama a hanjin yaro makonni bayan ta bar hanci da maƙogwaro. Bangon hanji ƙwayoyin halitta ne da suka manne da juna sosai. Zaman ƙwayar cutar a wurin yana sa mannewar ta saki, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɓurɓushin ƙwayar ya riƙa tsiyaya cikin jini, garkuwa ta yi ta kai farmaki ba hutawa. Wannan ya dace da yadda ciwon ciki ke zama kan gaba a alamomi.

Wasu masana a Los Angeles da Pittsburgh sun lura cewa wani yanki na ƙahon da ƙwayar korona ke maƙalewa da shi ya yi kama da gubar wasu bakteriya, irin gubar da ke tayar da rundunar garkuwa gaba ɗaya maimakon 'yan kaɗan da suka dace da aikin. Kuma an ga cewa a jinin yawancin masu MIS-C akwai wani rukuni guda na ƙwayoyin garkuwa da ke hayayyafa fiye da kima.

A 2023 ayarin Farfesa Jean-Laurent Casanova ya ba da rahoton cewa kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na yaran da suka bincika an haife su da tawaya a wasu ƙwayoyin gado waɗanda aikinsu ya haɗa da taka wa kumburi burki. A 2024 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco suka wallafa a mujallar Nature cewa wani ɗan yanki na ƙwayar korona ya yi kama da wani sinadarin jikin ɗan Adam mai suna SNX8. Mayaƙan da suka haddace fuskar ɓarawo sai suka ci karo da ɗan gida mai irin fuskarsa, suka far masa. A 2025 kuma likitocin asibitin Charité na Berlin suka kawo shaidar cewa a jikin waɗannan yara korona tana tayar da wata tsohuwar ƙwayar cuta, Epstein-Barr, wadda mafi yawan mutanen duniya ke ɗauke da ita tana kwance ba ta damunsu.

Inda duk suka haɗu shi ne, ɓarnar ba ƙwayar cutar ke yin ta da hannunta ba. Jikin yaron ne ya kasa ajiye makami bayan yaƙi ya ƙare.

Maganin da ke kashe wutar

Tunda garkuwa ce ta yi yawa, magani shi ne a lallashe ta. Da farko ana ceton rai: iskar oksijin, ƙarin ruwa cikin lura don kada a yi wa raunanniyar zuciya lodi, da magungunan ɗaga jini. Ana kuma fara ba da maganin bakteriya har sai gwaji ya nuna ba su ne ba, domin gubar bakteriya a jini tana zuwa da irin wannan kama.

Daga nan sai manyan magunguna biyu. Na farko shi ne IVIG, sinadaran garkuwa da ake tacewa daga jinin dubban masu ba da gudummawa. Ana ba da giram biyu ga kowane kilo na nauyin yaro, wato yaro mai kilo 25 yana buƙatar giram 50, ana ɗiga masa ta jijiya na tsawon sa'o'i. Yana da tsadar gaske, kuma ko a ƙasashe masu arziki yakan yi ƙaranci. Na biyu shi ne sitiroyid, musamman methylprednisolone, wanda yake da araha kuma ana samunsa kusan ko'ina. Idan waɗannan ba su wadatar ba akan ƙara da wasu irin su anakinra ko infliximab. Akan kuma ba da asfirin kaɗan don hana jini daskarewa a jijiyoyin zuciya.

Ga ƙasashe marasa ƙarfi, tambayar ita ce ko mai arahar zai iya tsayawa shi kaɗai. Farfesa Michael Levin na Imperial College a Landan ya jagoranci tattara bayanan yara 614 daga ƙasashe 32. Sakamakon da aka buga a 2021 bai nuna wani bambanci a fili ba wajen warkewa tsakanin waɗanda aka ba IVIG kaɗai, da waɗanda aka haɗa musu biyun, da waɗanda aka ba sitiroyid kaɗai. A Nuwamban shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa amfani da sitiroyid ga yaran da aka kwantar da wannan ciwo. Wani gwaji da aka yi a Suwizalan kan yara 75 shi ma ya nuna kwanakin zaman asibiti kusan ɗaya ne tsakanin magungunan biyu. Wannan albishir ne ga duk asibitin da ba shi da IVIG a kantarsa.

Sai dai a yi hattara. Waɗannan magunguna na gadon asibiti ne, a hannun likitan da ya yi gwaji. Sitiroyid da aka saya a kemis aka ɗura wa yaro mai zazzaɓi yana iya rufe alamun wata cutar ya ba ta damar yaɗuwa. Asfirin kuma ba a ba yaro mai zazzaɓi shi haka kawai, domin yana iya jawo wata mummunar matsala ta hanta da ƙwaƙwalwa.

Bayan sallama

Abin da ya fi faranta rai a wannan labari shi ne yadda yaran ke murmurewa. Yaron da aka shigo da shi ranga-ranga, sau da yawa cikin kwana biyu ko uku da fara magani zazzaɓi ya sauka, ya nemi abinci. Asibitin Great Ormond Street na Landan ya bi sawun yara 46 har wata shida. Gabobinsu sun koma daidai in ban da kaɗan, kuma 45 sun koma makaranta. Abin da ya rage wa wasu shi ne saurin gajiya da tsoro da damuwa, su da iyayensu, abin da ba mamaki ga wanda ya leƙa ya dawo. Wani bincike mafi girma a Amurka da Kanada, kan yara 1,204, ya nuna cewa cikin waɗanda zuciyarsu ta yi rauni, kashi 99 cikin ɗari ta dawo da ƙarfinta kafin wata shida.

Ana dai ci gaba da duba zuciyar lokaci-lokaci. Wanda tsokar zuciyarsa ta taɓu akan hana shi ƙwallo da guje-guje na wata uku zuwa shida. Wanda aka ba IVIG kuma akan jinkirta masa rigakafin ƙyanda na kimanin wata 11, saboda maganin yana hana allurar kamawa.

Yanzu ciwon ya ja baya ƙwarai. A duk shekarar 2023 yara 117 aka rubuta a Amurka, raguwar kashi 98 cikin ɗari in aka kwatanta da lokacin da ya fi ƙamari, tsakanin ƙarshen 2020 da farkon 2021. Yawancin yara sun riga sun haɗu da ƙwayar ko an yi musu rigakafi, don haka garkuwarsu ba ta ganinta a matsayin baƙuwa, kuma nau'in Omicron na korona bai cika jawo ciwon kamar na baya ba. Binciken CDC na farkon 2022 ya nuna allura biyu ta rigakafin Pfizer ta rage haɗarin MIS-C da kashi 91 cikin ɗari ga 'yan shekara 12 zuwa 18, kuma duk yara 38 da suka kai ga buƙatar na'urori ko magungunan ceton rai a binciken ba a yi musu rigakafin ba. Ya ragu, amma bai ɓace ba, tunda korona tana nan tana zagayawa.

Mu kuma fa?

An tabbatar da korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, a Nijar kuma ranar 19 ga Maris. Alƙaluman da aka riƙa sanarwa ba su da yawa, har mutane da dama suka ɗauka cutar ta tsallake mu. Amma a Afrilun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nazarin jinin jama'a ya nuna kusan kashi 65 cikin ɗari na mutanen Afirka sun riga sun kamu zuwa Satumban 2021, ninki 97 na abin da aka rubuta. Yara suna cikin wannan lissafi. Ciwon MIS-C ma ya iso nahiyar. Dakta Kate Webb da abokan aikinta a Cape Town sun ba da rahoton yara 23 tsakanin Yuni da Yulin 2020, likitocin yara a Legas su ma sun wallafa bayanin waɗanda suka yi jinya.

Ka dawo da yarinyar nan 'yar shekara takwas, ka ajiye ta a ɗaya daga cikin unguwanninmu. Ran Litinin za a ce shawara ce ko zazzaɓin cizon sauro. Talata a aika yaro kemis, mai kemis ya ji an ce zazzaɓi da ciwon ciki, ya ce maleriya ce da taifot, ya ƙulla magunguna a leda. Laraba da ƙuraje suka fito da jan ido, kaka ta duba ta ce ƙyanda ce, a bar ta ta gama fitowa. Sai ran Alhamis da dare, da jiki ya saki, a nemi mai adaidaita a nufi asibiti. Babu wanda ya yi sakaci da gangan a cikinsu. Kowa ya kira ciwon da sunan da ya sani, kuma sau tara cikin goma irin wannan zato yakan yi daidai. Na goman ne ke tafiya da yaro.

Ko a asibiti akwai tarko. Inda sauro ya yi yawa, yaro yana iya ɗauke da ƙwayar maleriya a jininsa alhali wani abu ne daban ya kwantar da shi. Gwajin taifot na Widal kuma an daɗe da sanin yana yawan nuna cuta inda babu ita. Saboda haka idan an ba da maganin maleriya kwana biyu zazzaɓi bai sauka ba, komawa asibiti ya kamata a yi don a sake dubawa, maimakon a canza wani maganin a gida.

Akwai kuma wani ɗan'uwan wannan ciwo da ya daɗe a cikinmu tun kafin a san korona. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro da wata bakteriya ta jawo, a ba shi ruwan ɗumi ko a kai shi wurin wanzami a cire beli, ciwon ya wuce. Bayan mako biyu ko uku sai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi su taso, garkuwar jikinsa ta koma tana cin ƙofofin zuciyarsa. Bayan shekaru a ga saurayi ko mai juna biyu tana haki, ƙafafu sun kumbura. Wannan ciwon zuciya yana damun sama da mutum miliyan 40 a duniya, yana kashe fiye da 300,000 a shekara, akasari a ƙasashe irin namu, alhali fenisilin da aka ba da a kan lokaci yana hana shi. MIS-C ya sami sunansa da ma'auninsa cikin wata guda saboda ya bayyana a Landan da New York. Namu ya cancanci irin wannan kulawa, kuma matakin farko shi ne wanda likitocin Evelina da Bergamo suka ɗauka: su lura, su rubuta, su ƙirga, su gaya wa 'yan'uwansu. Wannan ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Kundin asibiti da aka cika da kyau ya isa a fara.

Ga iyaye kuwa, abin riƙewa kaɗan ne. Zazzaɓin da ya kai kwana uku bai sauka ba, a kai yaro asibiti. In ya haɗu da jan ido, ko tsagewar leɓe, ko ƙuraje, ko ciwon ciki mai tsanani, kada a kwana. In yaro ya yi laushi, ko hannunsa ya yi sanyi, ko numfashinsa ya canza, ko fitsari ya ɗauke, ko ya fara sambatu, a tafi a wannan sa'ar ko da tsakar dare ne.

Kuma idan an isa gaban likita, a tuna masa da abin da ya wuce. Uwa ce ta san wanda ya yi mura a gidan watan jiya, ita ta san ranar da yaron ya yi kukan maƙogwaro ya ƙi haɗiyar tuwo. Likita yana ganin yaron na yau ne kawai, alhali asalin ciwon yana iya kasancewa mako huɗu a baya. Ko bai tambaya ba, Hajiya, ki gaya masa.